Ƙarfen da Ke Saman Gidan Yaya Mannir

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Mannir, malamin kimiyya a wata sakandare a nan Katsina, kuma har yau idan watan da ya rasu ya zagayo ba na iya zama wuri ɗaya. Ba zafin rashi ne kaɗai ke hana ni sakat ba. Lokacin ne bazara take kai maƙura. Hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe shanya, mata su fito da bokitai da robobi su jera, can sai komai ya watse a bar mu da zufa. Duk sanda haka ta faru na san a unguwar Ƙofar Kaura akwai wanda zai ɗaga kai ya dubi saman gidan yayana. Bana ma an duba, sai dai abin ya ɓullo ta inda ban taɓa zato ba, shi ya sa na ce bari in ba masu karatu labari.

Abin da ake duba wani siririn ƙarfe ne, tsawonsa bai wuce taɓarya biyu ba, an kafa shi a kan tangaran irin na turken wutar lantarki. Waya ta sauko daga gindinsa ta shiga wani akwati mai allura kamar ta agogo, a ɗan ɗakin da ke kan bene. Yaya ne ya haɗa shi da hannunsa, shi da amininsa Malam Bitrus, mutumin Kudancin Kaduna da ke kula da ɗakin gwaje-gwaje na makarantarsu. Aikin ƙarfen ɗaya ne tak: auna lantarkin da ke cikin iska.

Ni ce auta a gidanmu, don haka ni ce ɗalibar dole. Da na je gaishe shi da iyalinsa sai ya ja ni sama, ko hijabi ban cire ba. A nan na ji cewa ko ranar da sama ta yi tas babu ɗigon gajimare, akwai lantarki tsakaninta da ƙasa, mai rauni ƙwarai, jikin mutum ba ya jin sa. Ya ce akwai wani irin haske da ido ba ya gani, yana zuwa daga can nesa bayan rana, wani kuma daga cikin ƙasa yake fitowa, yana bugun iska yana barin gutsattsarinta ɗauke da caji. Waɗannan gutsattsari su ne ke manne wa ƙwayoyin hayaƙi da duk wani ɓurɓushi da ke yawo a sama. Danshi kuma, in ji shi, ba ya zama ɗigon ruwa sai ya sami abin kamawa, don haka kowane ɗigo akwai ɗan ƙwayar wani abu a cikinsa. Ɗigon da ke cikin gajimare ƙanana ne, ba su da nauyin faɗowa sai sun haɗu da juna, kuma a nan ne yake zargin caji na da hannu. Wani lokaci ya jawo su su haɗe, wani lokaci ya sa su guji juna. Idan na tambaye shi wanne ne gaskiya sai ya ce, "Auta, ba a gama sani ba. Shi ya sa nike aunawa." Wannan amsa ta sha ba ni haushi, domin ni mutum ce mai son a ce mini e ko a'a.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda allurar ta san Inna Tabawa, mai ƙosan da ke bakin lungu. Da ta hura wuta hayaƙi ya biyo ta saman gidan, sai allura ta ɗaga. Yaya yakan ce ko agogo bai kai Inna cika alkawari ba. Babban abokin gabarsa kuwa gizo-gizo ne, domin da ya yi saƙa tsakanin ƙarfe da bango sai cajin ya zurare, allura ta kwanta. Na sha ganin babban malami, mai gemu da furfura, yana bin tautau da tsintsiya yana yi masa faɗa kamar ɗan aji.

Yanzu ku dubi abin da idon maƙwabci. Ga mutum ya kafa ƙarfe yana nuna sama. Duk sanda hadari ya haɗo, kowa na gudu ya shiga ɗaki, shi kuwa sai a gan shi yana hawa bene da sauri. Yana hawa ne ya ga yadda allura ke rawa, sannan ya cire waya ya haɗa ta da ƙasa kada tsawa ta shigo masa gida. Amma daga waje abin da ake gani shi ne Malam ya hau, hadari ya watse. Hadarin farkon damina kuwa kowa ya san halinsa, ya fi yawan watsewa a kan zubarwa, ko an hau bene ko ba a hau ba.

Sai kuma ranar mataji. Yaya na tsakar gida yana gwada abin da zai nuna wa ɗalibai. Ya tsuke bakin tiyo ruwa na feshi sama, siriri kamar raɓa. Ya goga matajin roba a kansa ya kawo shi kusa, sai feshin nan ya haɗe ya zama manyan ɗigo suna faɗowa ɓal-ɓal. Ya janye mataji, feshi ya dawo. Daidai lokacin Alhaji Sada ya yi sallama ya leƙo. Alhaji Sada maƙwabcin Yaya ne na jikin katanga, dattijo mai faɗa a ji a masallacin unguwa, yana noma babbar gona a wajen Batagarawa. Ya tsaya ya ga mutum yana juya ruwa da mataji, ya juya ya koma. A garin nan dama akwai tsohuwar magana cewa wasu na ɗaure ruwa, musamman masu gini da ba su gama rufi ba. Kafin mako ya zagayo an sa wa yayana suna, Malam mai ɗaure ruwa.

Shi dariya abin ya ba shi. Ya gayyaci maƙwabta su hau su gani, babu wanda ya hau. Da aka fita roƙon ruwa yana sahun gaba da tsohuwar rigarsa, yana kuka kamar kowa, amma har a can an sami wanda ya matsa daga kusa da shi. Ni kam na so in je ƙofar gidan Alhaji Sada in yi masa tatas, Yaya ya hana ni. Ya ce mutumin da gonarsa ke ƙonewa dole ya nemi wanda zai ɗora wa, kuma gara a ɗora wa ƙarfe da a ɗora wa wata tsohuwa.

Shekarar da ya kwanta ciwon ƙoda damina ta yi jinkiri ƙwarai. Ya rasu da hantsi, aka yi masa sutura bayan azahar. Wallahi kafin maza su dawo daga maƙabarta sama ta ɓalle, aka yi ruwa har ya shigo zaure ya jiƙa tabarmin zaman makoki. Mu a ciki muna cewa rahama ce ta bi shi. A waje kuwa kalma ɗaya ke yawo: an kwance. Alhaji Sada ya bi sallar gawa a sahun baya don kada a ce, amma bai shigo ya yi wa matar mamaci gaisuwa ba, kuma mutane da dama suka bi sawunsa. Wanda bai san garin nan ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. A ce katanga ɗaya ta raba ku, mijinki ya mutu, maƙwabci bai ce miki ya haƙuri ba, wannan ciwo ne da ba ya warkewa.

Matar yayana, Yaya Rabi, ita ta zauna da wannan ciwo shekara tara. An rage aiko mata goron suna da na biki. 'Yarta Nana ta tashi tana jin ana nuna ta da baki a islamiyya. Dangi sun sha ba ta shawara ta sauke ƙarfen a huta, ta ce hannun da ya kafa shi ne kaɗai zai sauke shi. Tun rasuwarsa wayar na haɗe da ƙasa, akwatin na rufe, ƙarfen dai na tsaye yana tsatsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Katsinar yau. A da allurarsa ta san mai ƙosai ɗaya. Yanzu fa? Janareta a ƙofar kowane shago, Keke Napep kamar tururuwa, gidajen burodi, bola da leda ana ƙonawa a kowane lungu. Na tuna ya taɓa ce mini idan hayaƙi ya yi yawa danshin da ke sama yakan rabu a kan ƙwayoyi masu yawa, kamar tuwo ɗaya da baƙi suka yi wa yawa, kowa ya sami loma amma babu wanda ya ƙoshi, sai a rasa ɗigon da ya yi nauyin faɗowa. Ban sani ba ko hayaƙin garinmu ya kai ya taɓa hadari, shi ma na tabbata da ba zai yanke hukunci ba sai ya auna. Amma na san da ba zai zauna ba. Da yana can sama da tsintsiyarsa, yana mita, yana kirana a waya in zo in ga yadda allura ta haukace. Wani lokaci idan ina tsaye a bakin titi hayaƙi na shiga mini ido, har ji nake kamar in juya in ba shi labari.

Da kuma ya ga wayoyin hannu, inda kowa ya zama masanin yanayi. Ta nan ne ma abin bana ya ɓullo. Ruwa ya yi jinkiri, an yi yayyafi sau ɗaya aka ɗauke. Ina gidan Yaya Rabi da yamma muna tsintar shinkafa sai muka ji sallamar Alhaji Sada a zaure, muryar da rabon gidan da ita tun ranar mataji. Na yafa mayafi na fita. Ya tsufa, ya rame, yana dogara sanda. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara da aiki da zafi, duk yana jujjuya waya a hannu. Sannan ya miƙo mini ita. Bidiyo ne na wata ƙasar Larabawa, ana nuna ƙananan jirage marasa matuƙi suna shiga gajimare suna sakar masa caji, daga nan aka nuno ruwa na zuba a kan titi.

"Hajiya Bilki, kin gani ko?" in ji shi. "Ashe abin da Malam ke yi ke nan, mu ne ba mu gane ba. To ni dai na yi binne, gerona duk shina cikin ƙasa. In wanga mako ya wuce ba ruwa, iri ya tahi. Don girman Allah a kunna ƙarhen nan."

Binne, ga wanda bai sani ba, shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwan fari ya same shi a ciki. Idan yayyafi ya taɓa shi ya fara tsiro sannan aka ɗauke, shi ke nan ya mutu. Na dubi dattijon nan, na rasa ko dariya zan yi ko ashar zan saka. Na ce masa ya ba mu zuwa gobe.

Da na koma ciki na tarar Yaya Rabi ta ji komai, idonta ya yi ja. Ta ce, "Auta, mi zai rage mu da shi? A kunna masu. In Allah Ya kawo ruwa, ai sai a daina nuna mani ɗiya da baki."

A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce mata in an kunna ruwa bai zo ba, za a ce mun ƙi ne don mugunta. In kuma ya zo, to mun sa hannu ke nan cewa ƙarfen na da iko da hadari, kuma mai iya kawo ruwa ai shi ne mai iya hana shi. Da bakinmu za mu tabbatar cewa Yaya da gangan ya bar gonakin mutane suka ƙone. Ta ce ni ina da bakin magana ne don ba ni ke zaune a unguwar ba. Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi mini zafi. Na tafi gida na kasa cin abinci, na share tsakar gidan da na riga na share, na ɗauki waya na ajiye. Ina tausayin Yaya Rabi har cikin raina, ina kuma jin cewa in na yarda na sayar da yayana. Daga ƙarshe na kira Malam Bitrus, wanda ya yi ritaya amma bai bar Katsina ba. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Hajiya, za mu kunna. Amma Alhaji zai hau ya gani da idonsa."

Washegari bayan la'asar Alhaji Sada ya hau benen da aka gayyace shi tun mai shi na da rai. Yana hawa yana hutawa, Malam Bitrus na riƙe da hannunsa. Aka share saƙar gizo, aka goge tangaran, aka sa sabon batir, aka mayar da waya. Allura ta yi ɗan rawa ta tashi ta tsaya. Ban san hawaye na zubo mini ba sai da na ji gishiri a bakina. Muna tsaye Inna Tabawa, wadda har yau tana nan da kaskonta, ta hura wutar ƙosan yamma. Hayaƙi ya biyo ta kanmu, allura ta ɗaga kamar jiya aka bar ta. Malam Bitrus ya nuna masa hayaƙin, ya nuna masa allurar.

Alhaji Sada ya zagaya akwatin, ya leƙa bayansa, ya shafa gefensa. Ya ce, "To ina makunnin da ke aika wutar sama?"

"Babu, Alhaji," in ji Malam Bitrus. "Wannan abu ba ya aika komai. Ji kawai yake yi. Batir ɗin ma irin na tocila ne, ka duba."

"To matajin hwa? Da idona na gani."

Muka sauko tsakar gida. Malam Bitrus ya jona tiyo a tanki ya tsuke bakinsa, na ɗauko matajin Nana na miƙa wa Alhaji Sada, aka ce ya cire hula ya goga a kansa. Ya cire, ya goga. Ya miƙa matajin kusa da ruwan, sai feshin ya haɗe, manyan ɗigo suka faɗo masa a kan takalmi. Ya janye, feshi ya dawo. Ya sake gogawa ya sake miƙawa, ba wanda ya ce masa ya sake. Ya tambaya ko ba za a yi wa hadari haka ba. Malam Bitrus ya ce ƙarfin mataji bai wuce taƙi ɗaya ba, hadari kuwa yana can sama ya fi garin Katsina faɗi, kuma su masu jiragen ma har yanzu masana na gardama ko ruwan nasu dama zai zubo ko ba a taɓa shi ba. Ya ƙara da cewa da Mannir na nan, cewa zai yi ba a gama sani ba.

Dattijon ya daɗe tsaye da mataji a hannu, kansa babu hula. Na san lissafin da yake yi. Ya shigo gidan da sa ran ceton geronsa, ga shi zai fita babu, kuma abin da ya riƙe shekara da shekaru ya narke masa a hannu. Na yi zaton zan ji daɗin ganinsa haka, amma tausayi ya ba ni.

Ya ajiye matajin a bakin tanki, ya mayar da hula. Maimakon ya nufi zaure sai ya nufi ƙofar ɗakin girki, inda Yaya Rabi ke tsaye tun ɗazu tana kallo. Ya tuɓe takalmi, ya dafa sanda ya durƙusa da ƙyar, tsoho da shi.

"Hajiya," in ji shi, "ya haƙuri? Ya muka ji da rashin Malam?"

Yaya Rabi ta ce, "Da godiya, Alhaji," kamar yadda ake amsawa a zaman makoki. Ya ɗaga hannu ya yi wa yayana addu'a doguwa, ya kira sunansa, ya roƙa masa gafara da hasken kabari, muka shafa. Malam Bitrus ya sunkuyar da kai ya ce amin tare da mu. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da ban ga ta yi ba ko ranar da aka fita da shi.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Yaya Mannir, ba zan ce ya gano wani abu da duniya ba ta sani ba. Bai kai ga amsar tambayarsa ba, kuma ban ji an kai ba har yau. Ya bar ɗalibai da ke tare ni a kasuwa su ce shi ya koya musu kallon sama, ya bar amini da ya amsa kira bayan shekara tara, ya bar halin cewa ban sani ba a inda mutum bai sani ba. Wannan halin ne ya hana mu wanke sunansa da ƙarya, ko da yake ƙaryar ta fi sauƙi. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ya huta, Ya ba mu damina mai albarka.

Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ruwa bai sauka ba, geron Alhaji Sada na cikin ƙasa, kuma ban san ko zai tsira ba. Ban san ma ko sauran unguwa za su saki tsohon sunan ba. Jiya da yamma hadari ya sake haɗowa, na kasa zama, na tari Keke na nufi Ƙofar Kaura. Na sauka a bakin lungu iska na kaɗa leda, mata na fito da bokitai. Alhaji Sada na tsaye a ƙofar gidansa, ya dogara sanda, ya ba gidan yayana baya, yana kallon gabas.